Dattijo a kan sitiyari: wane irin gwaji ne ke rage mutuwa a hanya?

Ranar 19 ga Afrilun 2019, da tsakar rana, wata mota ƙirar Toyota Prius ta kutsa cikin masu tsallaka titi a unguwar Ikebukuro da ke birnin Tokiyo. Ta kashe wata mata mai shekara 31 da 'yarta mai shekara 3, ta raunata wasu mutum tara. Mai tuƙin, Kozo Iizuka, tsohon babban jami'in gwamnati ne ɗan shekara 87. A gaban alƙali ya dage cewa motar ce ta samu matsala. Kotu ta ce totur ya taka yana zaton birki ne, a Satumban 2021 ta ɗaure shi shekara biyar. A tsare ya rasu, a 2024.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne takardun dattijon cikakku ne. Da ya je sabunta lasisi a 2017 an yi masa gwajin ƙwaƙwalwar da doka ta wajabta wa duk wanda ya kai 75, kuma ya ci. Ƙafafunsa ne suka riga suka yi rauni, har da sanda yake dogarawa, gwajin kuwa bai tambayi ƙafa ba. Wannan fa a ƙasar da ta fi yawancin ƙasashe sa ido a kan tsofaffin direbobi, tunda kusan mutum uku cikin goma na al'ummarta sun kai shekara 65. A shekarar 2019 kaɗai sama da mutum 600,000 suka mayar da lasisinsu ga 'yan sanda suka ce sun ajiye tuƙi, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan.

Duk sanda irin wannan ta faru, kira ɗaya ake yi: a sa iyakar shekaru, ko a riƙa yi wa tsofaffi jarrabawa. Ba na ganin laifin masu kiran, domin wanda ya rasa mata da 'ya a rana guda ba a zo masa da lissafi. Sai dai ƙasashe da dama sun daɗe suna bin wannan hanya, sakamakonta kuma a rubuce yake. Tace mutane bisa ranar haihuwa bai cika rage mutuwa ba, wani lokaci ma yakan shigo da ita ta wata ƙofar. Abin da ke aiki ya fi wannan wuya da tsada: ƙwararre ya zauna kusa da dattijo a cikin mota, ya ga abin da ya lalace, a gyara mai gyaruwa.

Akwai ruɗani a kan alƙaluman da sai an fara warware shi. In aka auna mutuwar direbobi da yawan kilomitar da suka yi, samari ne a sama, sai adadin ya sauka a tsakiyar rayuwa, ya sake hawa bayan shekara 75. Wannan hawa na biyu ake nunawa a ce tsofaffi bala'i ne a hanya. Abu biyu ke kumbura shi. Karon da ɗan shekara 30 zai fito daga ciki da ƙujewa da ɗan ciwon ƙirji, ɗan 80 haƙarƙarinsa zai karye, huhu ya kamu, bayan mako biyu a asibiti a ce ya cika. Ƙashinsa ne ya sa shi cikin lissafin matattu, ko da shi aka yi wa laifi. Sannan duk direban da ba ya tuƙi da yawa, ko shekarunsa nawa, haɗarinsa a kan kowace kilomita ya fi yawa, domin gajeriyar tafiya a cikin gari ake yin ta, inda mararraba take taku bayan taku. Mai dogon zango kuwa a babbar hanya yake tara kilomitocinsa, inda karo bai kai haka yawa ba. Masu bincike a Finlan da Ostiraliya sun nuna cewa in aka kwatanta tsoho da matsakaicin mutum masu yawan tuƙi iri ɗaya, bambancin yakan ɓace, in ban da tsofaffin da ba sa kai kilomita 3,000 a shekara. Waɗannan galibi sun rage fita ne don jikinsu ya fara gaya musu wani abu.

Wanda tsohon direba ya fi kashewa shi ne kansa, sai wanda ke zaune a gefensa. Hausawa sun ce tsohon doki mai wayo, a tuƙi ma haka ne. Ba ya tsere da kowa, yana kauce wa tafiyar dare da ruwan sama da cunkoson safiya, yana bin hanyar da ya sani. Ga mai tafiya a ƙasa, saurayi ɗan shekara 20 ya fi shi zama abin tsoro.

Amma duk wannan bai hana tsufa yin aikinsa ba, kuma da ido yake farawa. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan 20 ba. In fitilar motar da ke zuwa ta dalle shi da dare, yakan daɗe kafin ganinsa ya dawo, kuma a cikin waɗannan daƙiƙu motar ba ta tsaya jiransa ba. Yanar ido tana mayar da kowace fitila hazo. Hawan jinin ido ya fi mugunta, don daga gefe yake cin gani a hankali ba tare da zafi ba, mutum na karanta jarida lafiya lau alhali mai babur da ke tahowa daga dama ba ya cikin duniyarsa. Wuya ya ƙage, waiwaye ya zama aiki. Ciwon suga ya kashe jijiyoyin tafin ƙafa, mutum bai san ƙarfin da yake taka totur da shi ba. Ga magungunan barci da na ciwon jiki masu kawo gyangyaɗi.

Inda waɗannan ke haɗuwa su yi ɓarna shi ne mararraba, musamman juyawar da ke yanke hannun masu tahowa: hagu ke nan a Najeriya da Nijar da Amurka, dama a Japan da Birtaniya. Dattijo ya tsaya, ya duba wannan gefe, ya ga mota can nesa. Ya juya wuya a hankali ya duba ɗaya gefen, ya jira mai keke ya wuce. Kafin ya ɗaga ƙafa daga birki ya kai ta kan totur, motar da ya gani can nesa ta iso, shi kuwa da hoton farko yake aiki. Bai yi gudu ba, bai sha komai ba, bai raina doka ba. Ƙiyasta saurin abin da ke zuwa, da riƙe abu uku a kai lokaci guda, su ne suka yi masa nauyi. Haɗarin tsofaffi a ko'ina aka yi nazarinsa, nan ya fi taruwa.

Japan a hankali ta riƙa ɗora matakai. A 1998 ta buɗe hanyar mayar da lasisi don raɗin kai, ta kuma fara kwas na dole ga tsofaffi lokacin sabuntawa, wanda yanzu ya hau kan duk wanda ya kai 70. A 2009 aka kawo gwajin ƙwaƙwalwa ga 'yan 75 zuwa sama. A 2017 aka ƙara tsanani: wanda gwajin ya nuna alamar cutar mantuwa dole ya je wurin likita, in an tabbatar a dakatar ko a soke lasisin. Gwajin ba mai tsawo ba ne. A nuna maka hotuna 16, huɗu-huɗu, irin su zaki da rediyo da kaza da gado, a shagaltar da kai da wani ɗan aiki na lambobi, sannan a ce ka tuno su. A tambaye ka shekara da wata da rana da ƙarfe nawa. 'Yan sanda sun wallafa hotunan a fili, shagunan littattafai kuma na sayar da littattafan bita, don haka dattijo mai himma yakan haddace su tun a gida.

Bayan Ikebukuro ne aka gane cewa duk wannan a kan takarda yake. Daga Mayun 2022, ɗan shekara 75 zuwa sama da aka kama da ɗaya daga cikin laifukan hanya iri 11 a shekara uku da suka wuce, kamar ƙetare danja ko gudun wuce sa'a ko bin hannun da ba nasa ba, sai ya hau mota an gwada shi kafin a sabunta masa. Ana farawa da maki 100 ana ragewa, mai motar gida sai ya tsira da 70, mai ɗaukar fasinja 80. A cikin gwajin akwai wani abu da na ga hikimarsa ƙwarai. A kai tayoyin gaba su jingina da wani ɗan dakali, a ce ka taka totur har motar ta hau, da zarar ta hau ka mayar da ƙafa kan birki kafin ta yi mita ɗaya. Ainihin motsin da ya gagari dattijon Ikebukuro ke nan, an mayar da shi abin aunawa. Wanda ya faɗi yana iya sake gwadawa sau nawa ya ga dama kafin lasisinsa ya ƙare. Abin lura a wannan tsari na 2022, shekaru kaɗai ba sa jawo gwajin, sai an haɗa da shaidar cewa tuƙin mutum ya fara tangarɗa.

Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar, kuma Denmak ce ta biya kuɗin koyonsa. A 2006 ta ƙara gwajin ƙwaƙwalwa a kan binciken likita da ake yi wa 'yan shekara 70 zuwa sama. Nazarin da aka wallafa a 2012 ya tarar cewa mummunan haɗarin tsofaffin direbobi bai ragu ba, amma mutuwar tsofaffi masu tafiya a ƙasa da masu keke ta ƙaru. A 2017 ƙasar ta soke binciken da ake yi bisa shekaru. Tun a shekarun 1990 an kwatanta Finlan mai tsauraran gwaji da Suwidin da ba ta yi, ba a ga ribar gwajin ba. A Ostiraliya, jihar New South Wales tana neman takardar likita kowace shekara daga 75 da gwajin hanya daga 85, maƙwabciyarta Victoria ba ta neman ko ɗaya bisa shekaru, kuma da aka kwatanta su tsofaffin Victoria ba su fi yin haɗari ba. A Japan kanta, nazarin da ya bi bayan gyaran 2017 ya ga karon motoci ya ragu a tsakanin tsofaffin direbobi, raunuka kuwa sun ƙaru a tsakanin tsofaffi masu tafiya a ƙasa da kan keke.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwajin minti goma a ofis ba ya iya rarrabe mai tuƙi lafiya da marar lafiya yadda ake zato. Yana kayar da mutanen kirki, yana barin masu haɗari su wuce. Da yawa ma ba sa zuwa, tsoron jin kunya ke sa su haƙura, kuma mata ne suka fi yin haka, alhali su ne suka fi taka-tsantsan. Wanda aka raba da mota bai daina zuwa kasuwa da asibiti ba. Da ƙafa zai je ko da keke, da wannan jiki mai saurin karyewa, babu ƙarfe babu bel tsakaninsa da hanya. Wanda ya zauna gida kuma wata cutar ke jiransa: binciken da aka tattara a Amurka ya nuna cewa barin tuƙi na kusan ninka yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa ga tsoho. Jihar Illinois, wadda ta daɗe tana tilasta wa 'yan 75 gwajin hanya, ta ɗaga shekarun zuwa 79, a 2025 kuma ta yi dokar kai su 87.

Kada a ɗauka cewa barin kowa da halinsa shi ne mafita. Birtaniya ce misalin wancan gefen. Lasisi na ƙarewa a shekara 70, daga nan sai sabuntawa duk shekara uku, amma kai ne za ka cike takarda ka shaida cewa kana iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. Babu likitan da zai duba. A 2011, a garin Colchester, wani dattijo ɗan 87 ya faɗi gwajin ido a gaban 'yan sanda, suka roƙe shi ya ajiye mota ya ƙi, su kuma ba su da ikon ƙwace lasisin nan take. Bayan kwana uku ya hau gefen titi ya kashe wata yarinya mai shekara 16. Sai a 2013 aka ba da damar soke lasisi cikin sa'o'i. A 2025 wani mai binciken musabbabin mutuwa a Lancashire, bayan ya duba rasuwar mutum huɗu da direbobi masu raunin gani suka kashe, ya ce tsarin ƙasar ya fi na kowa sakaci a Turai. Shi kansa Yarima Philip, mijin Sarauniya, sai da motarsa ta kife kusa da Sandringham a Janairun 2019, yana da shekara 97, sannan ya miƙa lasisinsa.

Amma a Birtaniyar ne kuma ake yin abin da nake ganin ya fi dacewa da a yi koyi da shi. Ƙungiyoyin kiyaye haɗurra irin su IAM RoadSmart da RoSPA suna tura ƙwararre ya zauna da dattijo na kamar sa'a guda, a motar dattijon, a hanyoyin da ya saba bi. Babu ci babu faɗuwa, rahoton kuma nasa ne shi kaɗai. Abin da ke fitowa galibi ƙananan abubuwa ne da suka taru cikin shekara arba'in ba wanda ya faɗa masa: yana manne wa motar gaba, madubi ɗaya kawai yake dubawa, yana shiga shataletale da shakka har na baya su ruɗe, kujerarsa ta yi ƙasa sosai tunda tsayinsa ya ragu. Wanda matsalarsa ta lafiya ce, kamar shanyewar ɓarin jiki ko farkon mantuwa, akwai cibiyoyin da ke haɗa malamin tuƙi da ma'aikacin lafiya su gwada shi, wani lokaci a sauya wa motar wani abu ya ci gaba da tuƙinsa. Raunin wannan tsari a bayyane yake. Wanda ya kai kansa a duba shi yawanci shi ne mai hankalin da bai cika buƙata ba, wanda ya fi buƙata kuwa ya tabbata ba wanda ya kai shi iya mota.

In ana maganar ƙwarewa ta gaba a tuƙi, wasu kan ɗauka gudu ake nufi ko iya murza sitiyari a kwana. Ga dattijo, ƙwarewar ita ce sayen lokaci. Ya miƙa ganinsa can gaba maimakon bayan motar da yake bi, ya ƙara tazara, ya rage gudu tun kafin mararraba don ya isa yana da sarari a kai. In hanya ɗaya na buƙatar ya yanke hannun masu tahowa a wurin da babu danja, ya zagaya ta wata ko da ta fi nisa. Malamai kan sa shi ya riƙa faɗin abin da yake gani da baki yana tuƙi, "ga yaro a bakin hanya, ga mota za ta fito", don a nan ake gane abin da idonsa ke tsallakewa. Ajin zama kaɗai, irin wanda ƙungiyar tsofaffi ta AARP ke yi a Amurka tun 1979, yana ƙara sani amma hujjar cewa yana rage karo ba ta da ƙarfi. In aka haɗa aji da hawa hanya tare da malami, tuƙin kan gyaru a gwaji. Wani babban bincike a Amurka mai suna ACTIVE ya ga cewa tsofaffin da aka horar a kan saurin lura da abubuwa a allon kwamfuta, karon da su ne da laifi ya ragu da kusan rabi a shekarun da suka biyo baya. Binciken da aka yi a Alabama ya nuna masu yanar ido da aka yi wa aiki sun yi kusan rabin haɗarin waɗanda ba a yi wa ba.

Lokacin da na fi jin tsoronsa shi ne ranar sauya mota. 'Ya'ya su haɗa kuɗi su saya wa mahaifinsu mai giyar otomatik don ya huta da kuloci, su miƙa makulli ba tare da kowa ya zauna da shi ko na yini ɗaya ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana taka kuloci in ya ruɗe, motar ta tsaya ko ta mutu, yanzu in ya ruɗe ya taka abin da bai dace ba sai ta zabura, in ta zabura ya ƙara dannawa don a ransa birki yake takawa. Shi ya sa Japan ta koma neman magani a jikin motar. Tun Nuwamban 2021 sababbin samfuran motocin ƙasar sai da birkin da ke kama kansa, an kuma yi lasisi na musamman ga wanda ya yarda ya tsaya ga irin waɗannan motoci kaɗai, kodayake kaɗan ne suka karɓa. New South Wales na ba ɗan 85 zaɓin lasisin zirga-zirga a kusa da gida ba tare da gwajin hanya ba, wasu jihohin Amurka na ba da na rana kawai. Tsakanin tuƙi ko'ina da ajiye makulli gaba ɗaya akwai matakai da yawa, kuma yawancin tsofaffi a tsakiyar suke.

A wajenmu siffar matsalar dabam ce. Tsohon direban Japan ɗan fansho ne mai zuwa kanti. Namu sau da yawa yana tasha, da fasinja goma sha takwas a bayansa ko tirela cike da kaya daga Legas, sitiyarin nan kuma shi ne abincin gidansa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kusan mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da hawan jinin ido, kuma fiye da tara cikin goma ba su san suna da shi ba. Yanar ido ce ta fi komai makantar da mutane a binciken, alhali aikinta bai kai sa'a guda ba, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano da wasu da dama. Direban da ya san cewa faɗuwa a gwajin ido na nufin yunwa zai yi duk dabarar da zai yi kada a gwada shi, kuma ban ga wanda zai zarge shi ba. In ƙungiyoyin direbobi da hukumar kiyaye haɗurra za su kai gwaji tasha, sai ya zo da tabarau da ranar aiki a asibiti, da kuma wani abin yi a cikin tashar ga wanda idonsa ba zai dawo ba.

A gida kuma, ɗan da ya ce "Baba, ka tsufa, ka bar mota" ya riga ya rufe ƙofar maganar. Wanda ya ce "Baba, zo mu je a duba mana ido ni da kai, na ga fitilun dare sun fara damuna" ya fi kusa da samun biyan buƙata. In an je, a roƙi likita ya auna ƙarfin ruwan idon da faɗin gani ta gefe, domin allon haruffan da ake karantawa daga nesa ba ya kama hawan jinin ido sai ya yi nisa, ganin da ya riga ya ci kuma magani ba ya dawo da shi, sai dai ya tsare wanda ya rage.